Ranar da na yi ta'aziyyar mai rai

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyar da Turanci a nan Madina ba, na yi wani aboki Bahaushe, haifaffen garin. Kakanninsa da ƙafa suka zo aikin Hajji daga wajen Damagaram, suka zauna. Hausarsa rabi Larabci ce, tawa kuma ta Kano, amma mun fahimci juna sosai.

A matatar mai ta Yanbu ya fara aiki, daga baya ya buɗe kamfaninsa na manyan motoci, Allah kuwa ya buɗa masa. Matarsa tana Uhudu, a wani ɗan tsohon gida kusa da mahaifiyarta, shi kuma yana can bakin teku, zuwa gida sai an ci sa'a. Duk hirarsa ɗaya ce: gidan da yake gina mata a unguwar Ƙuba. Ya rantse ba za ta taka shi ba sai ya kammala. Gidan kuma ya ƙi kammaluwa, don da an gama wani sashe sai ya hango na wani attajiri ya fi shi, a rushe a sake.

Ni kuwa kafin in zo nan tsofaffin littattafan Amurka nake koyarwa a gida, irin waɗanda talaka kan tashi neman dukiya saboda mace, ya samu dukiyar ya rasa macen. Ina tsaye gaban allo ina zuba wa ɗalibai bayani kamar ni na rubuta. Ga abin nan a gabana yana shan shayi da ni, ban gane shi ba.

Wata shekara na je dogon hutu Kano da iyalina. Da muka dawo ya kira ni, ya ce, "Ustaz, halas, gida ya ƙare. Zo ka gani bayan la'asar."

Gidan yana ƙarshen wani layi, jingine da tsohuwar gonar dabino. Abin da na fara gani a jikin katanga shi ne firijin ruwan sanyi, sabo fil, da kofi ɗaure da sarƙa. A garin nan idan mutum ya rasa wani nasa, yakan kafa irin wannan a ƙofar gida, masu wucewa su sha, ladan ya je wa mamacin. Na matsa na karanta rubutun da ke jiki. Sunan matarsa ne, an ce wanda ya sha ya yi mata addu'a.

Na ce ashe ina can ina yawon gaishe da dangi aka yi wannan rashi, ko labari ban ji ba. Yana buɗe ƙofa na riƙe hannunsa na ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ka yi haƙuri, wallahi ban ji ba."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ce, "Amin. Tafaddal, shigo."

Ban taɓa shiga gida mai tsabta da ya ba ni tsoro irin wannan ba. Kowane ɗaki na'urar sanyi tana aiki, fitilu a kunne da rana tsaka, turaren wuta yana tashi, amma ko takalmin mutum ɗaya babu a bakin ƙofa. Kujerun falo suna cikin ledarsu. A kicin tukwane jere, ba wadda ta taɓa ganin wuta. Yana gaba ina biye, yana magana ƙasa-ƙasa kamar kada ya tashi wani daga barci.

"Nan take son zama da safe," in ji shi, yana nuna wata taga mai kallon dabinai. "Nan kuma za ta riƙa karɓar baƙi."

Wani lokaci ya ce take, wani lokaci ya ce za ta. Na ɗauka zafin rashi ne. Da muka zauna ya zuba gahawa a ƙananan kofuna, ya miƙo mini nawa, ya ɗauki nasa, ya ajiye wani a gaban kujerar da ba kowa. Ina kallon tururin kofin nan har ya daina tashi. Ana kiran magariba na miƙe, ban ma tsaya sallama mai kyau ba.

A gida na faɗa wa matata. Ta yi kuka, don ta san ta a wajen suna da biki. Muka yi mata addu'a, har sadaka muka bayar.

Bayan 'yan makonni muka kai wasu baƙinmu ziyara Uhudu. Suna can suna ciniki a rumfunan masu dabino da carbi, sai na ji matata ta damƙi hannuna da ƙarfi. Wata mata ce ta nufo mu, riƙe da ledar na'ana'a, tana kiran matata. Muryar ce na fara ganewa: matar abokina ce. Ni da ke taƙama da boko, wallahi sai da na dubi ƙafafunta in ga ko suna taɓa ƙasa.

"Lafiya kuka tsaya haka?" in ji ta. "Ustaz, ba gaisuwa?"

Matata ba ta iya ɓoye abu. Nan take ta faɗa mata komai, har da sadakar. Matar ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta ji labarin firijin, ba mu ne na farko ba. Ta ce ta daɗe da komawa ɗakin mahaifiyarta, don ta gaji da zama da hoton gini a waya. "Ni cewa na yi ya dawo mu ci abincin dare tare," in ji ta. "Shi kuma sai ya aiko direba da gwal. Ina mayar masa."

Washegari na sami abokin nawa, raina a ɓace. Na ce ya za ka bar ni in yi maka ta'aziyyar mace tana raye?

Ya ce, "Ya Ustaz, duk abin da ake saya wa mai rai na saya, ta dawo mini da shi. Ladan ruwan nan kaɗai ne ba ta da yadda za ta mayar." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma tun da ta tafi, kowa laifina yake gani. Kai ne ka fara cewa in yi haƙuri."

Ya roƙe ni in sa matata ta lallashi matar tasa, ko leƙa gidan ta yi. Ya tabbata in ta gani za ta zauna. Ta yarda, bisa sharaɗin ba ya nan. Matata ce ta raka ta, ita ta ba ni labarin. Ta ce ɗaki-ɗaki suka bi, har suka kai ga wata babbar sif cike da riguna. Matar ta ciro ɗaya ta kara a jikinta, ta ciro wata. Duk da awon lokacin da take amarya aka ɗinka su, ko ɗaya ba za ta shige ta ba yanzu.

Ta mayar da su yadda ta same su, ta ce wa matata, "Ashe mijinki bai yi kuskure ba. Wadda aka gina wa gidan nan ta daɗe da rasuwa."

Ba a jima ba suka rabu, cikin mutunci, ba wanda ya ji kansu. Ita ta yi wani auren. Shi yana Yanbu har yanzu, muna gaisawa da salla.

Abin da ya tsaya mini shi ne, mutumin nan ba mugu ba ne, kuma yana sonta da gaske. Sai dai ya tafi nema mata duniya ya bar ta a tsaye, ya ɗauka yadda ya bar ta haka zai dawo ya same ta. Tun daga lokacin, in aiki ya riƙe ni har na fara cewa ai don iyali nake yi, tsoro nake ji, in tattara in tafi gida. Wani lokaci ina shiga nakan tsaya in ƙare wa matata kallo, har ta ce, "Malam, lafiya?" Sai in ce lafiya lau, dubawa nake in ga ko na san ki.