Mai Ɗinkin Zaren Gilashi

Mai gyaran wayar intanet yana zaune kan bokiti a bakin ramin da ya tona a ƙofar gidana, furfura ta fara cin gemunsa. Yatsunsa duk sun yi kanta, amma yana lallaɓa wayar kamar mai zura zare a allura, har numfashi yake ɗaukewa. Ina jin ko a gida ba ya ɗaga murya.

"Zaren gilashin nan na cikin wayar shi ke kai saƙo, shi ke dawo da amsa," in ji shi. "Wani ya sare shi, ya rufe da ƙasa, ya yi gum."

Na miƙa masa ruwan sanyi.

"Allah ya saka, Malam. Irinku sun yi ƙaranci."

Fartanyata tana bayan ƙofa, da lakar jiya a bakinta.