Tsohon da Bai Manta Tsagewar Teku Ba

A layin ganin likita akwai wani tsoho, kwat ta yi masa yawa, ƙaramin gicciye a wuyansa. Muryarsa tana hawa tana sauka, da ji ka san ya daɗe yana wa'azi. Yana ba mu labarin yadda Ubangiji ya tsaga teku, da yadda aka tarar da kabarin Almasihu wayam, kamar a gabansa aka yi.

"Ba tatsuniya ba ce, ya faru," in ji shi. "Matsalar mutanen yanzu mantuwa."

Matar da ta kawo shi, mai hancinsa sak, tana gyara masa maɓalli. "To Baba, ni wace ce?"

Ya dube ta cikin ladabi. "Yi haƙuri, baiwar Allah. A wane coci muka san juna?"