Tulun da na tone a gindin lemo

Ina shekara ta biyu a lakwal, wato makarantar 'yan mata a Yamai, Nasara suna mulki, aka ba mu hutun mako biyu cikin tsakiyar bazara. Na hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Dogon Dutsi, kaina cike da abin da aka koya mana na aikin lambu: a share wuri tas, a tara ƙasa, a yayyafa ruwa safe da yamma. A ganina duk wanda bai yi haka ba bai san komai ba.

A bayan ɗakin kakata, uwar babana, akwai ɗan itacen lemun tsami da bai wuce ƙuguna ba. Baba ya ɗauko shi daga Gaya cikin kwando. Shi ne na uku, biyu sun bushe. Da zai tafi fatauci ya bar shi hannun kaka, ya ce in wannan ma ya mutu ya haƙura da lemo har abada. Na san yadda yake tsugunawa gabansa kamar mai duba jariri.

Wurin bai yi mini ba. Itacen yana cikin ɗan kwari, an jibge masa karan hatsi da ƙaiƙayi kamar juji. Kusa da gindinsa an binne tulu har wuya, an rufe bakin da kasko. Bayan kwana biyu ko uku kaka takan durƙusa, ta buɗe, ta zuba ruwa ƙwarya guda tana gunaguni. Itacen kansa ko ɗigo ba ta ba shi. Kaka mutuniyar Lugu ce, garin 'yan bori, kowa ya san tana da doguwarta. Ban tambaya ba, na yanke hukunci: iska ake shayarwa, lemo yana kallo.

Sai aka yi suna a Kiyeshe, ta tafi kwana huɗu. Ta ce jibi in cika tulu. Na ce to.

Ko ƙofar gida ba ta gama fita ba na ɗauko kwasa. Na tone tulun, na kwashe karan, na cike kwarin na yi tudu mai kyau. Na huda gwangwani da ƙusa na yi abin yayyafi. Safe da yamma ina rijiya, ina bin layi, ina jan guga har tafin hannuna ya saɓule. Ruwan da kaka take kashewa a mako, ni a yini nake zubar da shi. Yana sauka ya gangare daga tudun, kafin hantsi yashi ya bushe ƙarau. Rana ta uku ganye ya naɗe. Ta huɗu ya soma zuba. Na ƙara ruwa, ya ƙara zuba. Ranar ko fura ban iya sha ba.

Kaka ta dawo, ba ta ko sauke ƙunshinta ba ta zagaya baya. Ta daɗe tana kallo. Ta tambayi tulunta, na ce na cire tsafin.

"Ke 'yar lakwal," ta ce, "doguwata ba ta rasa wurin kwana ba da za ta shiga tulu. Ruwa ne yake tsattsafowa ta jikinsa, saiwa tana sha a ƙasa inda rana ba ta gani. Mi suka koya muku can?"

Na ce to gunagunin fa? Ta ce gwiwarta take zagi.

Sai ta tambaya ko na fasa shi. Ban fasa ba. Duk da bakina, tsoro ya hana ni. Na lallaɓa shi bayan rumbu, har kaskon na mayar masa. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce ashe boko bai cinye ni duka ba.

Ni na sake tonon, tana zaune tana nuna mini da sanda inda zan kauce wa saiwa. Muka mayar da tulu, muka buɗe kwarin, na kwaso karan da na zubar da hannuna. Ta sa na kafa guntun zana ta yamma. Daga nan ta hana ni taɓa shi. Jira shi ne abin da ban iya ba. Kullum ina zagayawa, kullum sanduna tsirara.

Safiyar da zan koma Yamai, akwatina yana ƙofa, na leƙa ba don ina sa rai ba. A reshe biyu wasu 'yan tofo sun fito, ƙanana kamar ƙwayar hatsi, kore shar. Na zauna a ƙasa da tufafin tafiyata.

Kaka ta ce in tashi kada kamiyo ya bar ni. Ta ce in Baba ya dawo za ta ce masa awaki ne suka ci ganyen, tunda ba ta ga bambancina da su ba.