Khala Awadiyya da Ƙudan Zuman Saman Bene

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta komai ba in ba amsar jarrabawa ba, ita ma sai na goge rabi. An ɗora mini jinjinar Khala Awadiyya, wato Inna Awadiyya a Larabce, don kawai ana yawan ganina da littafi, alhali riƙe littafi daban, rubuta shi daban. In kun ga kuskure nawa ne, in kun ji daɗi nata ne.

Shekara goma sha tara ke nan, kullum kafin motocin unguwar Abbasiya ta Alƙahira su fara zagin juna da oda, Khala ta ɗaga ƙofar wani ƙaramin kantin magani a bayan tashar bas. Ba ita ce mai kantin ba, ba ta kuma da takardar likita. Shara take yi, ta jera kwalaye, ta ɗora shayi, sannan ta zauna kan 'yar kujerarta da abin awon jini a cinya, irin na da, mai famfon roba da allura. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za su hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon da har yau ba a tashi ba.

Duk Bahaushen da kansa ya sara a Alƙahira, wurinta yake fara zuwa. Tana naɗa masa abin awo tana tambaya: layin sabunta iƙama, takardar izinin zama, ka fito, ko mai gidan haya ne, ko waya aka yi maka daga gida? In allura ta yi sama sai ta girgiza kai ta ce, "Ya waladi, ɗana, jininka ba shi da laifi. Kai ne ka hana shi zama."

Tun tana budurwa a Omdurman ta yi jinyar wata tsohuwa Ba'indiya, ita ta koya mata numfashin yoga: a zauna a miƙe, a shaƙi iska ta hanci a hankali, a sake ta a hankali fiye da yadda aka shaƙa. Wani lokaci a toshe hanci ɗaya a yi da ɗaya. Na ƙarshe kuma a rufe ido, a toshe kunne, a rufe baki, a saki iskar da ɗan sauti, mmm. Wannan ta riƙa koya wa mata masu hawan jini a saman benen da take haya, Talata da Juma'a bayan la'asar, tsakanin faya-fayen dish da igiyoyin shanya. Ba ta karɓar komai, amma tana da doka ɗaya. Kafin ki taka matakala sai kin nuna mata katin ƙwayarki ta hawan jini ta ga gurbin ta yau a huje. "Numfashi ɗan rakiya ne," in ji ta, "ƙwaya ce amarya."

Ranar da aka fara na toshe kunnen, Am Hasan mai gadin gidan ya ji ruri daga sama, ya tabbata ƙudan zuma ne suka yi gida a tankin ruwa. Ya hau hawa shida da buhu a ka da tsumma mai hayaƙi a hannu, ya tarar da mata goma sha ɗaya yatsu a kunne.

"Ya sitti, bori kuke yi?"

"Hawan jini muke yi, Am Hasan. Zauna, kai ma ga fuskarka nan kamar tumatir."

Ya zauna. Yau shi ke shimfiɗa tabarmi.

Amma aikin da ya sa na yarda na ɗauki alƙalami shi ne na Malam Ɗantsoho, kuma da izininsa nake ba da labarin. Mutumin Gumel ne, masanin ƙira'a, shekara goma sha biyu yana rubuta risalarsa ta digirin dakta. Mutum ne mai kirki da saurin fushi, ko direban tasi ya yi masa ba daidai ba sai ya kawo masa hujja uku. Wata rana ya ji matarsa, Inna Fiddausi, tana mmm a kicin, ya bincika ya gano tushen abin. Sai ya zauna ya rubuta raddi, wato martanin sukar abin, shafi goma sha huɗu, har da manazarta, ya taho kantin magani ya karanta wa Khala a gaban jama'a.

Nan Khala ta lura da abu biyu. Takardar a kan hancinsa yake riƙe da ita, kuma jijiyar wuyansa ta tashi kamar igiyar guga. Yana cikin "wajhi na uku" na hujjojinsa ta kama hannunsa ta saman riga ta naɗa abin awo ta hau matsa famfo.

"Hajiya, magana nake yi!"

"Ci gaba, Maulana, kunnena na wurinka." Ta dubi allura. "Ɗari da casa'in. Wajhi nawa ya rage?"

"Takwas."

"Ba za ka kai ba."

Daga baya Inna Fiddausi ta faɗa mata sauran. Yanar ido ce ta rufe wa Malam gani, sau biyu likita na sa ranar yi masa aiki yana ɗagawa saboda jinin ya ƙi sauka. Jami'a kuwa ta ba shi wa'adin ƙarshe, wata huɗu ya kawo gyaran risala. In ba ido ba gyara, in ba gyara shekara goma sha biyu sun bi ruwa, ya koma Gumel da akwatin takardu. Ƙwayar ma ya daina sha, wai tana sa shi yawan fitsari tana karya masa alwala.

Khala ta kwana biyu tana juya abin. Ta san in ta ce masa zo ka koya, gara ta ce wa dutsen dala ya matsa gefe. Ran nan sai ga ta a gidansa da sallama, murya ƙasa-ƙasa.

"Maulana, Fiddausi ta karanta mini raddinka. Wallahi ya shige ni."

Malam ya gyara zama. "Gaskiya ɗaya ce, Hajiya."

"To amma matan nan sun saba hawa bene. In na sallame su, gulma za su koma. Na ji an ce ku makaranta kuna da hanyar tsawaita numfashi, mutum ya ja aya mai tsawo bai yanke ba. Da za ka zo ka maye mana gurbin wancan da naku."

"Yanzu kika yi magana!" in ji Malam.

Talata ta zo, ga Malam da babbar riga da sanda. A gindin matakala Khala ta tare hanya ta miƙa hannu.

"Katin ƙwaya."

"Ni malami ne, ba ɗalibi ba."

"Ma'alish, yi haƙuri, Maulana. Dokar bene ce, ko Am Hasan ba ta bari ba."

Sai da ta kai shi wurin likita aka gyara masa lokacin sha ya koma da safe, alwala ta zauna lafiya, sannan ya samu izinin hawa. Na'urar hawa bene kuwa ta mutu tun ɗaukewar wuta ta bara, don haka hawa shida a ƙafa, ana hutawa a na uku.

Ya zauna a gaba, mata a bayan igiyar shanya, ya fara darasi. Ku miƙe bayanku. Ku shaƙa ta hanci, ku cika ciki ba ƙirji ba. Ku saki a hankali, kada ku yi rowa kada ku yi almubazzaranci. Sannan ya ce za a yi atisayen gunna, wato sautin nan da makaranta ke fitarwa ta hanci: ku rufe baki ku ja harafin mimun.

"Mmmm," in ji Malam, ido a lumshe. Ya buɗe ido ya ce, "Kun ji ilimi. Ba kukan ƙudan zuma ba."

Inna Fiddausi ta cusa gefen mayafi a baki. Am Hasan ya ɗaga yatsa, "Amma ya Sheikh, ai wannan shi ne..." Khala ta ɗora masa ƙafar kujera a kan babban yatsa, ya ƙarasa da "Masha Allah."

Sati bakwai Malam yana koyarwa, kuma malamin kirki ba ya zuwa aji bai yi bita ba, don haka safe da yamma yana yi a gida. Inna Fiddausi ta ɓoye kwalbar turshi, wannan jiƙon gishiri da yake ci kamar gyaɗa, ta ce kasuwa ce ba a kawo ba. Allura ta riƙa sauka kaɗan-kaɗan.

Ranar aiki Khala ta rufe kanti rabin yini ta raka su. Malam na hango farar rigar likita jijiyar wuya ta miƙe, aka auna, ɗari da saba'in. Ma'aikaciyar jinya ta ce a jira rabin awa, in bai sauka ba a ɗaga karo na uku, kuma babu wata rana sai bayan wa'adin jami'a. Inna Fiddausi ta fara salati. Malam ya fara tsara hujjojin da zai kai wa shugaban asibiti. Khala ta matso.

"Maulana, gunnar nan ta kuɓuce mini. Ta baki ake yi ko?"

"Ta baki? Sati bakwai, Hajiya! Sati bakwai ina fama!"

"Kan tsohuwa ne. Nuna mini."

Ya nuna. Ta yi ba daidai ba. Ya sake. Ta ƙara ɓatawa. Minti ashirin ɗakin jira na ruri, har wani tsoho Bamisre mai bandeji a ido ya shiga sahu bai san me ake yi ba. Aka sake aunawa: ɗari da arba'in. Aka tura shi ciki.

Da aka cire bandeji washegari, wadda ya fara gani tangaran ita ce matarsa.

"Fiddausi, yaushe kika yi furfura?"

"A babi na biyu na risalarka, Malam."

Ya miƙa gyara saura kwana tara. Yanzu Dakta ake ce masa.

Khala, ke ce mai sauke tukunya kafin ta ƙone. Ke ce kika bari aka yi miki raddi a bainar jama'a, kika ba da ajinki, kika koma sahun baya kina ɓata abin da kika fi kowa iyawa, don idon mutum ɗaya ya buɗe. Ba ki taɓa ce wa kowa ya bar magani ba, ba ki taɓa kiran kanki likita ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sa ki huta kamar yadda kika hutar da mu. Mu kuma da muka rage, kowa yana da maƙwabcin da jijiyar wuyansa ke tashi. Ba sai kana da takarda ba kafin ka tambaye shi ya sha ƙwayarsa, ka zauna da shi minti goma ku yi numfashi. In kuma girman kai ya hana shi koyo, to ka roƙe shi ya koya maka.

Gwiwoyin Khala sun gaji da hawa shida, za ta koma wurin 'yarta a garin Sinnar na Sudan. Juma'ar da ta wuce aka yi mata walima a saman benen, da zoɓo mai sanyi da abinci ba gishiri, wanda kowa ya yaba ba wanda ya ƙara. Dakta Ɗantsoho ya miƙe, kowa ya ɗauka zai ba da labarin yadda ya shiryar da bene.

"Hajiya," ya ce, "kin ɗauka ban gane ba? Tun sati na biyu na gane. Amma na ga allura na sauka, na ce bari in yi shiru."

"Na san ka gane, Maulana. Tun ranar da ka daina kawo raddin a aljihu."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, da ka kawo hujja uku."

Aka yi dariya har Am Hasan ya ƙware. Dakta ya share ido ya ce, "Yalla, a yi na bankwana. Irin nata. Da toshe kunnen." Bayan shi ne aka shirya in tashi in karanta wannan takarda, wadda sai daga baya na ƙara mata wannan ƙarshen.

Kowa ya rufe ido, yatsu suka shiga kunne, bene ya ɗauki ruri. Na dubi mutum talatin da za su buɗe ido su zuba mini, na shaƙa ta hanci, na saki a hankali kamar yadda ta koyar. Sannan na naɗe takardar, na cusa ta cikin jakar abin awon Khala, na ɗauki takalmana a hannu. Na sauko har hawa na uku suna nan suna mmm.