Armiya'u da Bajimin Labbo

Armiya'u Nagoggo ɗan Zurmi ne, ɗan malamin dabbobi, ya tashi da warin maganin kaska a rigarsa. Ya yi karatun kwamfuta a Kaura Namoda, lokacin da sauran samari ke rububin aikin gwamnati a sabuwar jiha. Shekaru uku bayan ƙaddamar da Shari'a wata ƙungiya mai rigakafin shanu ta ɗauke shi aiki. Mutum ne mai tsantseni, ko ƙuda ya gani a bakin kofi ya fasa shan shayin ke nan.

Ga yadda aikin yake. Malaman dabbobi su zaga rugage su rubuta bayanin kowace dabba, a turo masa cikin fayil ɗin XML, inda kowane bayani ke zaune tsakanin alamu biyu masu ɗauke da sunansa. Shi kuma ya rubuta manhaja da yaren Java, tana karanta alamun tana gina dabbar a cikin na'ura, da mai ita, da launinta, da cutarta. Daidaita wace alama za ta shiga wane gurbi, wannan aikinsa ne shi kaɗai, kuma yana taƙama da shi kamar shi ya ƙera shanun.

To, akwai wata alama da malaman Shinkafi suka sa wa suna "baki". Armiya'u bai tambayi kowa ba, ɗan malamin dabbobi guda! Ya ce ai ciwon baki da kofato ne, ya haɗa ta da gurbin cuta. Ashe launi bayin Allah suke nufi, baƙi, madannin na'urarsu ne ba shi da harafin ƙa mai lanƙwasa. Shi ke nan, duk baƙin sa daga Katuru har Galadi ya wayi gari majinyaci a takarda.

Cikin waɗanda abin ya faɗa wa har da Labbo, Bafulatanin Galadi, aminin mahaifin Armiya'u, wanda Armiya'un ya sha nonon shanunsa har ya yi kumatu. Takarda ta fito cewa bajiminsa na da ciwo, makiyaya suka hana garkensa rijiya, ga shi tsakiyar bazara. Sai ya riƙa kora su tafiyar yini zuwa wani tafki mai ƙafewa.

Sati uku aka yi kafin Armiya'u ya lura cewa duk majinyatansa babu fari ko ja. Ya koma ya duba alamar, ya gane kuskurensa. Ya je wurin shugabansa, Sanusi, ya faɗi gaskiya.

"Gyara shi shiru," in ji Sanusi, yana tsotsar ƙashin kaza. "Rahoto ya riga ya tafi, har an yaba mana da gano annoba. Fulani ne fa, wa zai tambaya?"

Tir! Armiya'u ya dubi maiƙon da ke gangarowa gemun mutumin, ya rasa wa ya fi ba shi ƙyama, shi ko kansa. Gyaran layi ɗaya ne, bai kai a sha ruwa ba. Ya buga sabuwar takarda, ya ajiye makullin ofis a kan tebur, ya hau babur sai Galadi.

Ya tarar da Labbo zaune gindin aduwa, ya durƙusa gabansa.

"Baffa, bajiminka lafiya lau yake. Ni na yi kuskure."

"Na sani, ɗana. Ni na san bakin sana. Mi ya faru?"

Armiya'u ya share ƙasa, ya zana harafin ka da yatsa, ya zana ƙa kusa da ita, ya nuna ɗan lanƙwasan da ke samanta. Labbo ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wanga ɗan abu?"

"Shi ne, Baffa. Ga takarda, gobe a ba ka rijiya."

Labbo ya karɓa ya ninke, ya nuna bayan bukka da haɓa. Baƙar fata ce shimfiɗe a rana, an kafe ta da turaku, ƙudaje sun rufe ta.

"Shekaranjiya ya faɗi a hanyar tafki," in ji shi. "Kai masa ka karanta mishi."