Akawun Daudawa da Harajin Tela

Shekarar da na sayi keken ɗinki na biyu, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, ita ce shekarar da aka cire sunana daga harajin gama-gari aka sa ni cikin masu arziki. Ina da rumfar ɗinki a kasuwar Ƙanƙara, da kaka kuma nakan sayo dawa daga Sabuwa a jakai in ajiye sai bazara. Malamin haraji ya zo tare da mai unguwa, ya dubi kekuna biyu, ya dubi buhuna a zaure, ya yanka mani fam shida. Bara sule talatin na biya.

Ban razana ba. Na san ban kai haka ba, abin nunawa ne ba ni da shi. Lissafina duk a ka yake, sai ɗan zanen gawayi a bango.

Wani mahauci maƙwabcin rumfata ya ba ni labarin wani dattijo a Daudawa wanda ya daɗe yana akawu wajen masu sayen auduga, yanzu ya ajiye aiki. Na hau keke na same shi yana yaɓen rumbu. Ya wanke hannu ya saurare ni har na gama.

"Sule goma sha biyar ne ladana," in ji shi. "Amma abin da na tambaye ka, gaskiya za ka faɗa mani. Ba ni rubuta abin da ba ni iya rantsuwa a kai."

Na ce, "Malam, ai gaskiyar ce ta kawo ni."

Kwana uku ya yi a zaurena da littafi mai layi da fensir. Ya tambayi kuɗin zare, da allura, da man keke, da hayar jakai, da ladan ma'auna, da abin da ƙwari suka ci a buhu. Inda na manta, matata ce ke amsawa daga bayan katanga, kuma ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Malam ya ce da a gabanta aka fara zama da an gama a yini guda.

A rana ta biyu na so in tsallake ɗinkin wani biki da na yi wa mutanen Mabai, riguna tara masu aiki. Da ya ga ina inda-inda sai ya ajiye fensir ya dube ni kawai. Na ji kunya, na faɗa, ya rubuta.

Da ya gama sai ya ce a kawo mashi gyaɗa cikin ƙoƙo. Ya kasa ta gida biyu a kan tabarma, ɗaya ɗinki, ɗaya dawa. Ya riƙa ɗebewa yana faɗin inda kowace ƙwaya ta tafi. Kason ɗinki ya yi saura da yawa. Na dawa ya ƙare sarai, har sai da ya ɗebo daga na ɗinki ya cike.

"Dawar nan da ake ce maka attajiri saboda ita, keken ɗinki ne ke ciyar da ita," ya ce.

Na yi gardama, don ina jin daɗin a gan ni gaban jakai. Ya sake kasawa, sakamakon bai canza ba.

Ranar da aka saurari masu ƙorafi a ƙofar hakimi, na ɗauka Malam akawu ne zai yi bayani. Ya miƙo mani littafin ya ce, "Dukiyarka ce, bakinka za a ji. Ni ina bayanka."

Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, ɗaya bayan ɗaya, har da bikin Mabai. Malamin haraji ya karɓi littafin ya bi shi da yatsa. Ya yi mani tambaya uku, na amsa ban waiwaya ba. Aka mayar da harajina fam uku da sule goma. Ya fi na bara nesa, amma haƙƙi ne, na biya a ranar aka ba ni rasit.

Da bazara na sayar da sauran dawar, na zuba kuɗin a yadi. Malam akawu ya riƙa zuwa duk kaka har shekara huɗu, a hannunsa na koyi lambobin boko. Da idonsa ya yi rauni sai na koma ni ke kai mashi littafi Daudawa, in karanta yana saurare da ido a rufe. A zuwan farko ya kama ni da kuskuren sisi a kuɗin maɓallai, ya sa na sake shafin tun daga sama.