Ranar da Na Buɗe Tankin Mahaifina

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, injin casar shinkafarsa da ke bakin gari a nan Kontagora ya dawo hannuna. Tankunan ruwa biyu ya bari a wurin. Ɗaya na roba ne a saman ƙarafa, da shi ake alwala da wanke-wanke. Ɗayan na siminti ne a cikin ƙasa, da murfin ƙarfe da kwaɗo. Wannan ba a taɓa shi. Don gobara ya gina shi, saboda ɓuntun shinkafar da ke taruwa a bayan inji.

A lokacin gani nake na fi tsohon dabara. Bazara ta yi tsanani, famfo ya ɗauke, ga ruwa kwance ba ya aikin komai. Sai na fara ɗiba ina buga bulon ɗakin da nake ginawa. Da mahaifiyata ta ji, ta ce, "Ba don bulo babanka ya tara ruwan nan ba." Na ce, "Inna, damina ta kusa, zan mayar."

Wata Laraba bayan azahar, wuta ta tashi a shagon maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da masara da harawa. Muka yi ta ɗiba da bokiti daga tankin roba, har zafi ya narkar da gefensa, sauran ruwan ya tsiyaye. 'Yan kwana-kwana suka iso, ruwan motarsu ya ƙare wuta tana ci. Babbansu ya ce, "Ina za mu ja ruwa a kusa?" Dattijon ya nuna ni, ya ce, "Akwai tankin marigayi, kullum cike yake."

Na buɗe kwaɗon. Ruwan bai kai gwiwa ba. Suka zura mesa, nan da nan ya ƙare. Kafin motar ta je cikin gari ta dawo, rufin shagon ya rufta. Dattijon ya ƙone a hannu wajen jan buhuna. Injinmu kuwa wutar ba ta kai gare shi ba.

Bayan kwana uku na je duba shi a gida. Ya ce, "Na gode da ruwa, ɗana." Na kasa jurewa, na gaya masa abin da na yi. Ya kalli hannunsa, ya ce, "Na ga ana ɗiba. Ban zaci ya kai haka ba. Je ka cika shi."

Na cika shi a makon, kuma ban sake taɓa shi ba. Da can na ɗauka ruwan nawa ne tunda a filinmu yake, ashe duk layin da shi suka dogara. Dattijon ya rasu tuni. Har ya koma ga Allah hannun nan bai sake miƙewa sosai ba, kuma da shi yake gaisawa da ni kowace safiya.